Tarihin Wayar Salula da Yadda Take Ɗaukar Murya da Saƙo

1.0 Gabatarwa

Kalmar "salula" ba ta daɗe da shigowa Hausa ba, amma ta riga ta zama 'yar gida, ana jin ta a kasuwa da makaranta da gidan biki. Asalinta kalmar Ingilishi ce mai nufin ɗan ƙaramin ɗaki, irin ɗakunan da ake gani a jikin saƙar zuma. Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa wayar hannu da ɗakin zuma, kuma amsar tana cikin tarihin wannan na'ura, domin dabarar da ta sa mutum miliyan suke iya magana a gari ɗaya a lokaci ɗaya ta samo asali ne daga rarraba gari zuwa ƙananan ɗakuna.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan tarihi tun daga shekarar 1946. Za a duba matsaloli uku da masana suka yi fama da su ɗaya bayan ɗaya, watau ƙarancin hanyoyin iska, da mayar da murya ta zama lambobi, da kuma ɗaukar rubutu da hoto a kan hanyar da aka gina domin magana. Daga nan za a waiwayi zuwan wayar a Nijeriya, da abin da tsarinta ya yi wa rubutun Hausa da furucinta.

2.0 Ƙarancin Zango

Tarhon da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1876 yana tafiya ne a kan wayar tagulla. Idan mutum zai yi kira, sai ma'aikacin cibiya ya haɗa layinsa da na wanda yake nema, wannan hanya kuwa ta zama tasu su kaɗai har su gama. Da rediyo ya samu, sai aka fara tunanin raba tarho da igiyarsa. A ranar 17 ga Yuni, 1946, kamfanin tarho na Bell ya buɗe wayar mota ta farko ga jama'a a birnin St. Louis na Amurka. Kayan na'urar suna da nauyin da ya haura kilo 30, sai a bayan mota suke zama, kuma sai ma'aikaci ya haɗa kiran da hannu.

Domin a fahimci cikas ɗin wannan tsari, wajibi ne a san abin da ake nufi da zango. Igiyar rediyo kaɗawa take yi, ana kuma ƙirga yawan kaɗawarta a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin da ake kira haz, daga sunan masanin Jamus Heinrich Hertz. Kowace tashar rediyo tana da zangonta, idan kuwa tashoshi biyu suka hau zango ɗaya a wuri ɗaya, sai maganarsu ta cakuɗe. Zangunan da suka dace da sadarwa ƙididdigaggu ne, ga kuma masu nema da yawa: soja da jiragen sama da gidajen rediyo da na talabijin. Wayar mota ta wancan zamani tana da dogon turke guda ɗaya mai ƙarfi da ya mamaye gari duka, saboda haka kowane zango hira ɗaya tak yake ɗauka a faɗin garin. A 1976, shekara 30 bayan farawa, birnin New York yana da zango 12 ne kurum. Masu amfani da wayar ba su kai 600 ba, alhali fiye da mutum 3,700 suna jiran layi.

3.0 Dabarar Ɗakin Zuma

Maganin wannan matsala an riga an rubuta shi tun a watan Disamba na 1947, cikin wata takarda da Douglas Ring na cibiyar binciken Bell ya tsara, tare da shawarar abokin aikinsa W. Rae Young. Ana iya kwatanta tunaninsu da abin da ke faruwa a kasuwa. Idan mai shela ya ɗaga murya, dole kowa ya yi shiru ya saurara. Amma idan kowane mai rumfa yana ciniki da abokin cinikinsa a hankali, ɗaruruwan ciniki za su gudana a lokaci guda ba tare da wani ya dami wani ba. Saboda haka sai suka ce a bar dogon turke mai ƙarfi, a kafa ƙananan turaku masu ƙaramar murya, kowanne ya kula da yankinsa. A taswira an zana waɗannan yankuna da kusurwa shida-shida, domin wannan siffa ce take rufe fili ba giɓi, kamar dai saƙar zuma.

Amfanin wannan shi ne ana iya maimaita zango. Yankuna biyu da ke maƙwabtaka ba za su yi tarayya a zango ɗaya ba, amma idan aka tsallake 'yan yankuna, sai a sake amfani da shi. Tsarin da ya fi shahara shi ne a raba zanguna kashi bakwai, a ba kowane yanki kashi ɗaya, a yi ta maimaitawa. Idan mutane suka yi yawa a wani yanki, sai a tsaga shi zuwa ƙanana, a ƙara turaku, a rage ƙarfinsu.

Sai dai dabarar ta haifi tambayoyi biyu masu wuya. Ta farko, yaya za a san yankin da mutum yake idan aka kira shi? Ta biyu, idan yana cikin magana ya ƙetare daga yanki zuwa yanki, yaya za a miƙa kiran daga turke zuwa turke ba tare da ya yanke ba? Duka biyun suna buƙatar na'ura mai saurin lissafi, wadda babu ita a lokacin. Wani abin lura shi ne a cikin wannan wata na Disamba 1947, kuma a wannan cibiya, aka ƙirƙiro tiransisto, wanda daga baya ya ba da damar ƙera ƙananan kwamfutoci. Sai a shekarun 1960 Richard Frenkiel da Joel Engel suka sake ɗaukar aikin, a 1971 kamfanin ya gabatar wa hukumar sadarwa ta Amurka cikakken tsari, a 1972 kuma Amos Joel ya sami rajistar dabararsa ta miƙa kira.

Duk wannan tunani a kan mota aka gina shi. Kamfanin Motorola ne ya dage a kan wayar da mutum zai riƙe a hannu. A ranar 3 ga Afrilu, 1973, Martin Cooper ya tsaya a bakin titi a New York da wata waya mai nauyin kimanin kilo ɗaya, ya kira abokin hamayyarsa Joel Engel. Amma wasu ƙasashe suka riga Amurka buɗe harkar ga jama'a. Kamfanin NTT na Japan ya fara a Tokyo a 1979, ƙasashen arewacin Turai suka biyo baya da tsarin NMT a 1981, sannan Amurka ta fara da tsarin AMPS a Chicago a watan Oktoba na 1983. Wayar hannu ta Motorola da ta fito kasuwa a wannan lokaci dala 3,995 ce, batirinta kuwa maganar kimanin minti 30 yake ɗauka.

Waɗannan su ne ake kira zubin farko. Muryar mai magana tana hawa igiyar rediyo ne da siffarta, kamar yadda take yi a tashar FM. Wannan ya sa duk mai rediyon da ya dace yana iya sauraren hirar mutane, ɓarayi kuma suna iya kwafe lambar waya su yi kira da kuɗin mai ita. Daɗin daɗawa, kowane kira yana cinye zango guda sukutum.

4.0 Mayar da Murya Lambobi

A farkon shekarun 1980 ƙasashen Turai suna da tsare-tsare barkatai, wayar Ingila ba ta aiki a Faransa, ta Faransa ba ta aiki a Jamus. A 1982 ƙungiyar hukumomin gidan waya da tarho ta Turai ta kafa wani kwamiti domin ya fito da tsari guda, kuma daga sunan wannan kwamiti da Faransanci aka sami haruffan GSM. A watan Satumba na 1987 kamfanoni daga ƙasashe 13 suka sa hannu a kan yarjejeniya a Copenhagen. A ranar 1 ga Yuli, 1991, Harri Holkeri, tsohon firayim ministan Finland, ya yi kiran da aka ɗauka a matsayin na farko a wannan tsari.

Babban abin da kwamitin ya yanke shi ne a daina aika murya da siffarta, a mayar da ita lambobi. Wannan tunani na Alec Reeves ne, wani injiniya ɗan Ingila, tun a ƙarshen shekarun 1930. Ana auna tsayin igiyar murya sau 8,000 a daƙiƙa, a rubuta kowane awo da ƙwayoyin lamba takwas. Kowace ƙwaya sifili ce ko ɗaya, ita ake kira bit. Jimla ta kama ƙwaya 64,000 a daƙiƙa, wannan kuwa shi ne ma'aunin layin tarho na ƙasa. Ga iska wannan ya yi yawa, saboda haka wayar GSM tana yanka magana gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, ta nazarci yanayin maƙogwaro da baki da suka fitar da wannan sauti, ta aika da bayaninsu a taƙaice. Wayar da ke ɗaya ɓangaren sai ta sake gina muryar daga wannan bayani. Ta haka aka rage nauyin zuwa ƙwaya 13,000 a daƙiƙa. Ke nan abin da mai sauraro yake ji a salula kwaikwayon muryar abokinsa ne da na'ura ta haɗa, ko da yake kwaikwayon ya isa a gane mai magana.

Da aka rage nauyin murya, sai ya yiwu mutum takwas su yi tarayya a zango ɗaya. Ana raba lokaci gida takwas, kowace waya ta yi magana a gidanta, ta yi shiru a sauran bakwai. Zagayen yana cika ne a ƙasa da kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, don haka kunne ba ya jin tsaikon. Tunda kuwa lambobi ne, ana iya kulle su da asirin lissafi, ana kuma iya ƙara wasu lambobin da ke gyara kuskuren da iska ta jawo. Har ila yau GSM ne ya yaɗa katin sim, wanda ya raba mai layi da na'urarsa: mutum yana iya cire katinsa ya sa a wata waya, lambarsa ta bi shi. A Amurka kamfanin Qualcomm ya fito da wata hanyar dabam mai suna CDMA, inda kowa yake magana a lokaci ɗaya a faffaɗan zango guda, amma kowane kira da lambar sirrin da ake tsamo shi da ita.

A nan akwai abin da ya shafi masu nazarin harshe. Tun zamanin tarhon tagulla, sautin da layi ke ɗauka yana tsakanin haz 300 ne zuwa 3,400. Asalin kaɗawar tantanin maƙogwaron namiji baligi kuwa yawanci ba ta kai haz 200 ba, watau layin yana yanke ta. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana, kamar a kalmar "baba" ta mahaifi da "baba" ta rini. Dalilin da ya sa karin bai ɓace a waya ba shi ne, kowace kaɗawa tana tafe da ninkin-ba-ninkinta a sama, kunnen ɗan Adam kuma yana gano asalin daga tazarar da ke tsakanin waɗannan ninki. Inda aka fi yin asara shi ne a zuzau irin su /s/ da /f/, domin yawancin ƙarfinsu yana sama da haz 3,400. Wannan ne ya sa ake yawan neman a maimaita suna ko lamba a waya. Sababbin tsare-tsare sun faɗaɗa iyakar daga haz 50 zuwa 7,000, murya ta ƙara fitowa sarai.

5.0 Tafiyar Kira

Idan aka kunna waya, abin da take fara yi shi ne sauraren turakun da ke kusa, ta zaɓi wanda ya fi ƙarfi, ta gabatar da kanta. Kamfani yana da babbar rajista mai ɗauke da sunan kowane layi, akwai kuma rajistar baƙi a kowace shiyya. Mutumin Kano da ya sauka Sakkwato, wayarsa za ta shiga rajistar baƙin can, a sanar da babbar rajista inda yake. Idan aka kira shi, sai cibiya ta tambayi babbar rajista, ta tura kiran shiyyar da yake, turakun shiyyar su yi cigiyarsa. Wayar da ta ji sunanta sai ta amsa, a ba ta zango da gidan lokaci, sannan ta yi ƙara.

Yayin da ake magana, wayar tana auna ƙarfin turakun maƙwabta tana kai rahoto. Idan mai ita yana cikin mota, turken da yake kai ya fara nisa, sai cibiya ta tanadi gurbi a turke na gaba, ta umarci wayar ta koma can. Idan ba a sami gurbi ba, kiran ya yanke. Haka nan idan gidajen lokaci na wani turke suka cika, kamar yadda kan faru ranar Salla ko a filin taro, sabon kira ba zai shiga ba ko da wayar tana nuna sabis ya cika.

Ya kamata a lura cewa tafiyar kira a iska gajera ce ƙwarai. A tsarin GSM na asali, iyakar nisan waya da turke kilomita 35 ne, a cikin gari kuwa sau da yawa bai kai kilomita ɗaya ba. Daga turke, kiran yana bin zaren gilashi da aka binne a ƙasa, wanda ke ɗaukar saƙo da haske, ko kuma faranta masu harba igiya daga turke zuwa turke. Wayar da ake kira ta iska, mafi yawan tafiyarta a ƙarƙashin ƙasa take yi.

6.0 Saƙon Tes da Haruffa Masu Lanƙwasa

Ban da hanyar murya, GSM yana da wata siririyar hanya ta umarni, wadda ake cigiya da haɗa kira a kanta. Injiniyoyi suka lura cewa sau da yawa wannan hanya a wofi take, sai Friedhelm Hillebrand na Jamus da Bernard Ghillebaert na Faransa suka ba da shawarar a riƙa cusa gajeren rubutu a ciki. An aika saƙon tes na farko a Ingila ranar 3 ga Disamba, 1992, gaisuwar Kirsimeti ce daga kwamfuta zuwa waya.

Gurbin da aka samu ƙwaya 1,120 ne. Idan kowane harafi ya ci ƙwaya bakwai, za a sami haruffa 160. Ƙwaya bakwai kuwa alamu 128 kurum take iya bambantawa, kuma da aka zo cika waɗannan gurabe, harsunan yammacin Turai aka duba. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko a shekarun 1930, ba su sami gurbi ba. Duk saƙon da ya ƙunshi ko da ɗaya daga cikinsu sai ya koma wani tsari mai cin ƙwaya 16 a kowane harafi, tsawonsa ya faɗo zuwa haruffa 70. Saƙon da a Ingilishi kuɗin guda ɗaya zai ci, a daidaitacciyar Hausa yana iya cin kuɗin uku. Rubutu da haruffan Larabci ma yawanci wannan hukunci ne ya hau kansa. Bugu da ƙari, madannan wayoyin farko ba su da waɗannan haruffa sam.

Sakamakon haka shi ne ɗimbin matasa suka yi shekaru suna rubuta Hausa kullum ba tare da lanƙwasa ba, "kasa" ta tsaya wa ƙasa da kasa, "fada" ta tsaya wa faɗa da fada, "kara" ta tsaya wa ƙara da kara. Ƙuncin gurbi ya kuma ƙarfafa taƙaita kalmomi da haɗe waɗanda ƙa'ida ta ce a raba. Ba za a ɗora wa salula laifin wannan duka ba, domin tafireta ma ta daɗe tana wahalar da waɗannan haruffa. Amma ita ce ta kai matsalar hannun kowa, malaman Hausa kuma suna ganin sawunta a takardun ɗalibai, ko da yake wayoyin zamani sun riga sun sami madannan Hausa.

7.0 Daga Shata Zuwa Haya

Tsarin tarho tun daga 1876 har zuwa GSM tsarin shata ne. Mai kira yana ɗaukar hanya shi kaɗai, ko yana magana ko ya yi shiru, shi ya sa ake cajin sa da minti. Wannan ya dace da hira, amma bai dace da kwamfuta ba, wadda takan aiko da bayani da yawa a ɗan lokaci sannan ta yi tsit. A shekarun 1960 Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila, kowanne a nasa ɓangaren, suka fito da tsarin haya. Ana yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, a rubuta wa kowane ƙunshi adireshi, a jefa shi cikin hanyar da kowa ke bi, can a haɗa su bisa jerinsu. A kan wannan aka gina intanet.

GSM na farko yana ɗaukar data ne ta hanyar shata, da saurin ƙwaya 9,600 a daƙiƙa. Wajen shekarar 2000 aka ƙara masa tsarin GPRS, wanda ke ɗora ƙunshi a gidajen lokacin da ba kowa a ciki. Daga nan aka fara caji da yawan abin da mutum ya ɗauko maimakon tsawon zamansa. Zubi na uku, watau 3G, ya fara a Japan a watan Oktoba na 2001, a kan dabarar CDMA, yana riƙe da hanyoyi biyu: shata domin murya, haya domin data. Da wayar iPhone ta fito a 2007, wayoyin Android suka biyo baya a 2008, buƙatar data ta yi tashin da ba a zata ba.

Zubi na huɗu, wanda aka buɗe a Stockholm da Oslo a watan Disamba na 2009, shi ne ya watsar da shata ɗungurungum. Yana raba faffaɗan zango zuwa ɗaruruwan ƙananan zanguna, turke kuma yana sake rabon su ga wayoyi sau 1,000 a daƙiƙa gwargwadon buƙatar kowa. A farko idan kira ya shigo sai wayar ta koma 2G ko 3G ta amsa. Daga 2012 aka fara ɗaukar murya ita ma a matsayin ƙunshi, sai dai ana ba ta fifiko a hanya, domin hoto yana iya jira amma hira ba ta jure jinkiri. Zubi na biyar ya fara a Koriya ta Kudu a watan Afrilu na 2019, da ƙarin zanguna da eriya masu yawa da ke nuna igiya kai tsaye ga mai waya. Ta haka al'amarin ya juye: data da ta shigo a matsayin baƙuwa a hanyar murya, ta zama mai gida, murya ta koma ɗaya daga cikin kayan da ake ɗauka.

8.0 Zuwan Salula Nijeriya

Lokacin da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, layukan tarho a ƙasar ba su kai 19,000 ba. An kafa kamfanin NITEL a 1985, hukumar sadarwa ta NCC kuma a 1992. A shekarun 1990 an sami wayar hannu ta zubin farko mai lambar 090, wadda sai masu hannu da shuni. Har zuwa 2000 layukan da ke aiki ba su wuce kimanin rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100.

A watan Janairu na 2001, zamanin mulkin Olusegun Obasanjo, hukumar NCC ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne. Kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara. Katin sim a lokacin yana kaiwa naira 20,000, kira kuwa naira 50 ne a minti, ko da mutum daƙiƙa biyar ya yi. Wannan tsada ce ta haifi sana'ar masu lema da ke sayar da kira a bakin titi, da kuma al'adar filashin, inda mutum zai kira ya katse domin a kira shi. Kamfanin Globacom da ya fara a 2003 ya kawo caji da daƙiƙa, sauran suka bi. A 2020 layukan da ke aiki sun haura miliyan 200, a 2022 kuma aka buɗe 5G.

Abin da aka faɗa a baya game da turke da zare ya bayyana ƙarara a wannan ƙasa. Saboda rashin tsayayyar wutar lantarki, turaku da yawa sun dogara ga janareta da man dizal, wannan kuwa ya ƙara tsadar kai sabis ƙauyuka. Saukar wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 a Legas ta taimaka wajen karya farashin data, yankewar wasu irinsu a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024 kuma ta tsayar da ayyukan bankuna da ofisoshi. A 2012 'yan Boko Haram sun ƙona turaku a jihohin arewa da dama. A watan Mayu na 2013 hukuma ta rufe sabis a Borno da Yobe da Adamawa, haka kuma a Zamfara a watan Satumba na 2021, domin yaƙi da 'yan bindiga. A waɗannan lokuta mutane sun riƙa yin doguwar tafiya zuwa inda sabis yake domin su ji lafiyar dangi ko su karɓi kuɗin da aka aiko musu.

Ta fuskar harshe kuwa, arahar data ta buɗe wata ƙofa. Manhajar WhatsApp ta ƙara saƙon murya a 2013, sannan kiran murya a 2015. Wanda bai iya karatun boko ba, ko wanda ajami kawai ya sani, ya sami hanyar aika saƙo da bakinsa, da karin sautinsa da karin harshen garinsu. Wa'azi da waƙa da sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa duk sun bi wannan hanya, haka ma jita-jita.

9.0 Kammalawa

An ga yadda wayar salula ta taso daga takardar 1947 wadda ta jira fiye da shekara 30 kafin a aiwatar da ita, da yadda aka mayar da murya lambobi a 1991, da yadda tsarin haya ya maye gurbin shata daga 2009. An kuma ga cewa shawarar da wani kwamiti ya yanke a Turai game da ƙwayoyi bakwai ta taɓa rubutun Hausa na tsawon shekaru, ba tare da an yi nufin haka ba. Darasin da ke nan ga masana harshe shi ne, ƙa'idojin na'ura ana tsara su ne a zauren da harsuna kaɗan suke da wakilci. Yanzu da ake koya wa na'urori jin magana da rubuta ta da fassara ta, ana bukatar masu ilimin Hausa su shiga aikin tun daga tushe, su tanadi ingantaccen rubutu mai lanƙwasa da sautukan karuruwan harshen daban-daban. Akwai kuma fage a buɗe ga ɗaliban digiri na biyu da na uku, na tattara saƙonnin tes na shekarun 2001 zuwa 2012 da nazarin ƙa'idojin rubutunsu, kafin tsofaffin wayoyin da ke ɗauke da su su salwanta.